Ɗakunan da ke Cikin Albasa

Ranar da aka yi wa Yayarku walimar ajiye aiki, ina zaune a kan tabarma ta bayan rumfa na ji Sani ya karɓi lasifika yana gaya wa mutane wai ni ce mai hangen nesa, wai tun zamanin da mata ba su damu da boko ba na tsaya tsayin daka sai 'yata ta yi karatun kimiyya. Aka yi ta tafi, matan da ke kusa da ni suna taɓa ni suna sa albarka. Na bar shi, don ba zan ƙaryata ɗana a gaban taro ba. Amma tun ranar abin yake cina. Sani, lokacin da abin nan ya faru kana goye a bayana, ba ka san komai ba sai nono. Abin da ka faɗa rabi ne, kuma rabin mai daɗin. Duk shekarun nan da Yayarku ta yi tana leƙa madubin likita a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, saura ƙiris a ce ba ta yi su ba, kuma ni ce sanadi, da kunnen nan nawa da kuke yabo.

Lokacin garin nan Abuja ake kiransa. Ana dai ta raɗe-raɗin za a ɗauke sunan a ba sabon birnin da gwamnati za ta gina, mu a nemo mana wani. Baƙi suka fara shigowa, duk mai ɗakin da ba kowa a ciki ya share ya sa ɗan haya. Gidanmu na unguwar Magajiya bai san siminti ba tukuna. Daga zaure sai ɗan ɗakin da ƙanin Babanku ya bari, sai tsakar gida, ɗakin Inna yana kallon gabas, namu yana kallonsa, madafa a gindin mangwaro. Babanku yana kasuwa a kan kekensa na ɗinki tun safe, sai azahar ya dawo cin abinci. Ni kuwa ban cika fita ba, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba, don duk labarin unguwa yana zuwa ya same ni ta kan katanga. Daga jin takun mutum a zaure na san ko wane ne, na san ko da fushi ya zo.

Inna, mahaifiyar Babanku, ita ta je har Lambata ta ɗauko ni, kuma tun ranar da na shigo gidan ba ta taɓa nuna mini ni suruka ce ba. Kullum da safe in na durƙusa na gaishe ta, sai ta kwance bakin zanenta ta ɗauko goro ta ɓare, ɓari ɗaya nata, ɓari ɗaya nawa. Ko Babanku ba ya samun wannan. Da na haifi Yayarku aka sa mata sunan Inna, sai kunya ta zame mini biyu, ga ta 'yar fari, ga sunan suruka. Ku jikokina da kuke kiran 'ya'yanku gatsau ba za ku gane ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. Tun yaye aka kai Yayarku ɗakin Inna, can take kwana, can take ci. Inna tana ce mata Takwara. Ni in zan aike ta sai in ce “ke,” in kalli wani wuri. Har a takardar nan ba za ku ga sunanta ba.

A ɗan ɗakin nan na kusa da zaure aka sa mana 'yar haya, wata malamar kimiyya daga kudu da aka turo sakandaren da Yayarku take. Sunanta Firisila, amma kowa Madam yake ce mata. Kirista ce, 'yar siririya, mai tafiya da sauri kamar an kira ta. Ba ta da matsala da kowa. Ran Lahadi ta ɗaura ɗankwali ta tafi coci, da azumi kuma ba ta taɓa cin abu a tsakar gida ba. Hausarta ce dai abin dariya, don a wurinta kowa namiji ne.

“Inna, ka kwana lafiya?”

“Lafiya lau, Malam,” in ji Inna. “Ya iyali?”

Ni kuma ta laƙa mini Maman wance, irin na mutanensu, tana faɗin sunan yarinyar ƙarara tun daga zaure. Duk lokacin da ta faɗa sai in ji kamar in shige cikin randa. Inna ta yi mata bayani har ta gaji, ba ta gane abin da ya sa uwa za ta ɓoye ita ce uwa ba.

Da aka yi dogon hutu na damina, Madam ba ta tafi garinsu ba. Ta dawo daga makaranta rungume da wani akwatin katako mai marfi, ta ce an ba ta ajiya har a koma. Daga nan ta fara roƙon albasa. Yau rabin albasa, gobe ɗan lawashi, kuma ban taɓa jin ƙamshin suya daga ɗakinta ba. Yayarku kuma da ta gama wanke-wanke sai ta zame ta tafi can, su fito da akwatin bakin ƙofa inda rana take faɗowa, su yi ta sunkuyo a kansa. Wata safiya da hantsi ina tsintar shinkafa a bayan zanan madafa, sai na ji muryar Madam.

“Buɗe baki. Buɗe da kyau. Ba zafi.”

Na leƙa ta ramin zana. Ga yarinya ta hangame baki, Madam ta sa wani ɗan tsinke mai faɗi tana kankarar cikin kumatunta. Ta fito da shi ta shafa a kan ɗan gilashi, ta ɗiga wani shuɗin ruwa daga 'yar kwalba, ta ɗora wani gilashin a kai ta danne.

“Yauwa, na kama shi,” ta ce. “Yanzu sel naka yana nan. Na rufe, ba zai fita ba. In an koma makaranta, za mu yi na sauran yara duka.”

Yarinyar ta yi dariya. Ni kuwa faifan ya kusa suɓuce mini. Ku tuna, mu sel ɗaya muka sani a duniya, na ofishin 'yan sanda. Ɗan maƙwabtanmu ya kwana biyu a ciki, da ya fito uwarsa ba ta gane shi ba. Kuma tun muna yara aka hore mu, in an yi kitso a tattara gashi a binne, in an yanke farce a binne, kada a tofar da yawu inda wani zai ɗauka. To ga baƙuwa ta ɗebi abin cikin bakin yarinya, ta zuba masa shuni, ta ce ta rufe shi a sel ba zai fita ba. Ku gaya mini me za ku ɗauka.

Da ƙanwarta Hauwa ce, da na ja kunnenta zuwa ɗaki na tambaye ta, magana ta ƙare kafin shinkafa ta nuna. Amma wannan ba ni da bakin tambayar ta. Madam kuma tsoro ya hana ni tunkarar ta. Sai na yi abin da ya kamata mace mai kunya ta yi, na kai wa mai 'ya. Inna tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta saurare ni har na gama, ta ajiye mazari.

“Da bakinta ta ce ta rufe?”

“Da kunnena na ji, Inna.”

“Kunnenki ba ya ƙarya, Asabe.”

Har na ji daɗin wannan yabon, Allah ya yafe mini. Da Babanku ya dawo azahar, ko hannu bai wanke ba Inna ta kira shi.

“Inna, malama ce fa,” ya ce. “Gwamnati ce ta turo ta.”

“Gwamnatin ce ta ce ta kankare bakin takwarata?”

Aka kira Yayarku. Ta durƙusa, ta fara bayani tana haɗawa da Turanci, wai darasi ne, wai kowa yana da shi a jikinsa, wai har albasa tana da shi. Inna ta juya ta dubi Babanku.

“Ka ji ko? Wai ita da albasa ɗaya suke. Har asirin ya fara kama ta.”

Nan take ta yanke magana. Madam ta tashi kafin ƙarshen wata. Takwara kuma ta gama boko, tunda can ma abin da za a yi wa yara ke nan. Babanku mutum ne mai sanyi, shi ya kai yarinyar makarantar da hannunsa, shi ya ɗinka mata kayan makaranta, amma bai taɓa mayar wa Inna magana ba. Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Kwana uku gidan nan yana warin turaren tsari. Inna ta aika aka karɓo rubutu, ta tsare yarinyar sai da ta shanye. Da fari ina ganin na ceci rai. Amma a rana ta biyu na hango yarinyar ta tattara littattafanta, ta naɗe su a tsohon zane, ta ɗaure kamar gawa, ta tura ƙarƙashin gadon Inna. Ba ta yi kuka ba. Tana zuwa madafa ta ɗauki aikinta ta yi, tuwonta kuma ya dawo yadda aka kai shi. Ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ko da ma ba ma kallon juna, amma wannan rashin kallon daban ne. Ta san wa ke da kunne a gidan.

A rana ta huɗu Inna ta tafi Garam gaisuwar rasuwa, ta ɗauki Takwara ta riƙe mata jaka. An sha ruwa da asuba, rana ta fito tas. Ina firar doya sai na ji takun Madam, ba da saurin da ta saba ba. Ta zo rungume da akwatin, ta kife turmi ta ɗora shi a kai.

“Maman wance, maigida ya ce in tashi. Zan tashi. Amma yarinya yana da kai, kar a cire shi makaranta. Ka duba abu ɗaya tukuna. Ba ni albasa.”

Na miƙa mata daga nesa, ina karanta duk abin da na iya a zuci. Ta fito da abin daga akwati, baƙin ƙarfe mai wuya kamar na zalɓe, da ɗan madubi a ƙasa. Ta yanka albasar, ta ɗauko hantsaki tana son ta ɗago ɗan tantanin nan na ciki. Ta ja, ya yage. Ta sake, ya naɗe. Ta sake, ya fito da tsoka. Ni kuwa duk tsoron da nake ji, hannuna ba ya jure ganin ana wulaƙanta albasa.

“Kawo nan,” na ce. “Haka ake yi mata?”

Na karya ɓarin, na sa farce na zare tantanin a hankali, ya fito shimfiɗe kamar fiffiken fara. Ta tsaya tana kallona baki buɗe.

“Shekara nawa ina fama da wannan,” ta ce.

Ta shimfiɗa shi a kan gilashi, ta ɗiga aidin irin na ciwo, ta rufe, ta juya madubin har ya kamo rana, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Ta murɗa wani abu a gefe. Sai ga shi.

'Ya'yana, na tsufa, na je Makka, na shiga jirgi na ga gari daga sama, amma ban taɓa ganin abin da ya tsayar mini da numfashi kamar na ranar ba. Ɗakuna ne. Ɗakuna jere, layi bayan layi, kowanne da katangarsa, kamar ka hau Dutsen Zuma ka leƙo unguwar da aka kware wa rufi. A cikin kowane ɗaki ga wani ɗan ɗigo a zaune, ya sha aidin ya yi duhu. Na ɗago na dubi tantanin da idona, ɗan abu ne da bai kai farcena ba. Na sake leƙawa, unguwar tana nan. Albasar da nake yankawa tun ina 'yar shekara bakwai.

“Su wane ne a ciki?” na tambaya.

Ta ce kowane ɗaki shi ne ake kira ƙwayar halitta, kuma duk abin da yake da rai da irinsu aka gina shi, kamar yadda ake gina gida da tubali. Katangar nan ita ke riƙe da tsiro ya tsaya. A jikinta ta ciki akwai wani tantani da ya fi wanda na zare sirantaka, shi ke zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita.

“Mai tsaron zaure ke nan,” na ce.

“Yauwa. Wannan baƙi kuma, shi ne maigida. Shi yana ba da oda. Duk yadda za a yi sabon ɗaki, a wurinsa yake.”

“A gidan nan dai Inna ce.”

Ta yi dariya, ta ce to Inna ce. Ta ce farin filin da ya cika tsakiyar ɗakin kuma ma'ajiyar ruwa ce, kamar randa, in ta cika sai ta tokare katanga, ganye ya miƙe. Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce shi ya sa alayyahu in ya wuni a faifai yake yaushi, in na yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Na ce shi ya sa in na barbaɗa wa albasa gishiri take zubar da ruwa. Madam ta tafa hannu, ta ce abin da take wata guda tana koya wa yara ke nan. Ta sa na kawo gishiri, ta jiƙa, ta ɗiga a gefen gilashin. Muka jira kaɗan. Da na leƙa, sai na ga abin cikin kowane ɗaki ya tattare ya janye daga katanga, kamar mutum ya ƙudundune don sanyi, katangar kuwa tana nan tsaye.

Na tambaye ta ina murhu, don ni ban yarda da gidan da ba a girki ba. Ta ce akwai, da yawa ma, su ne ke ƙona abinci su ba ɗakin ƙarfi, amma sun yi ƙanƙanta, wannan madubin ba ya kamo su, sai dai ta nuna mini zanensu a littafi. Sai ta kankaro lawashi siriri ta sa. Nan kuma ɗakunan cike suke da 'yan ƙwayoyi koraye. Ta ce waɗannan su ke haɗa wa tsiro abinci da hasken rana da ruwa da iska, albasar da ke cikin ƙasa ba ta da su tunda rana ba ta kai mata, ajiya kawai take yi. Na ce ashe ganye ne madafa, albasa rumbu.

Doyata tana can ta yi baƙi a kwano, ban ko tuna da ita ba. Sai Madam ta ɗauko tsinken nan mai faɗi. Na ja da baya. Ta lura. Sai ta sa shi a bakinta ita kanta, ta kankara, ta shafa, ta ɗiga shuɗin ruwan, ta ce launi ne kawai don a gani, kamar bular wanki. Waɗannan ba su yi layi ba. A warwatse suke, faɗi-faɗi kamar wainar da ta ƙi tashi, kowace da ɗigonta a tsakiya.

“Ina katangar?”

“Babu. Mutum da dabba ba katanga, tantani kawai. Ba kore, ba babban randa. Shi ya sa kai kana lanƙwasa, itace yana tsaye.”

“To naki da na yarinyar?”

“Iri ɗaya. Nawa, naka, na Inna, na akuya.”

“Kar ki bari Inna ta ji na akuyar,” na ce. Sai na yi ƙarfin hali. “Madam, to me ya kawo sel a ciki? Na ji kin ce kin rufe ta a sel.”

Ta dube ni. Ta ce ai sunan ɗakin ke nan da Turanci, sel, wato ɗan ƙaramin ɗaki. Tana faɗa sai ta tsaya. Na ga abin ya isa kanta. Ta zauna daɓas a ƙasa da fararen kayanta tana dariya har da hawaye, tana cewa kalma ɗaya ce, da na 'yan sanda da na albasa duk kalma ɗaya ce. Can dariyar ta yanke.

“Kai ne ka ji?”

“Ni ce.”

“Me ya sa ba ka tambayi yarinya ba? Ɗanka ne.”

Kunnena bai yi ƙarya ba, daidai ya ji. Fahimtar ce babu, bakin da zai tambaya kuma kunya ta ɗaure shi.

Na san Babanku ba zai iya tayar da maganar da Inna ta binne ba. Madam baƙuwa ce, yarinya kuma duk abin da ta faɗa an ce asiri ne ke magana. Saura ni, ni da ba ni da hurumi. Washegari da azahar, Babanku yana cin abinci a inuwar ɗakin Inna, ita tana gefe tana kaɗi, na ce wa Madam ta fito da akwatin. Na je na durƙusa.

“Inna, ki gafarce ni. Maganar da na kawo miki ranar nan, ban fahimce ta ba.”

“Asabe, tashi ki koma madafa. Maganar Takwara ba taki ba ce.”

“Ni na kawo ta, Inna, ni zan mayar da ita. 'Yata ce. Ba zan zuba ido a cire ta daga makaranta saboda kunnena ba.”

Babanku ya tsaya da loma a hannu. Mazarin Inna ya faɗi ya gangara, ba wanda ya ɗauka. Yayarku tana tsaye a ƙofar ɗaki, shekararta goma sha biyar, ranar ta fara jin kalmar nan daga bakina, kuma a gaban wadda ta raine ta.

“A gabana, Asabe?” Inna ta ce, a hankali. “'Yarki?”

Na riga na faɗa, ba ta komawa. Na juya wurin Madam na buɗe baki, kamar yarinya, a gaban miji da suruka. Ta kankara, ta shafa, ta ɗiga.

“In asiri ne, ya fara kama ni,” na ce.

Na zare tantanin albasa kuma aka sa a wani gilashin. Babanku ya wanke hannu ya zo ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Ya ga nawa, ya ga na albasa, ya koma kan na albasa.

“Wannan ai ɗinki ne,” ya ce. “Dubi layi. Ba inda ya karkace. Tsarki ya tabbata ga Allah.” Ya juya ya rage murya. “Inna, da kin zo kin gani da idonki.”

“Abin da Allah ya ɓoye wa idona ba zan leƙa ba,” ta ce. Ta miƙe ta karkaɗe zane. “Ku mayar da ita makarantar. Baƙuwarku ma ta zauna. Gida ai ya sami masu shi.”

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Da yamma na ji motsin ana jawo ƙunshin littattafai daga ƙarƙashin gado.

Da safe na je gaisuwa kamar kullum. Ta amsa, ba fushi a muryarta. Ta kwance bakin zane, ta ɗauko goro, ta ɓare. Ta jefa ɓari ɗaya a baki. Ɗayan ta mayar ta ƙulle. Na ɗan jima a durƙushe, sannan na tashi. Daga ranar har ta bar duniya ban sake cin goro daga hannunta ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ƙi abincina ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Na dai koma suruka. A ganinta na ƙwace mata 'ya a gaban ɗanta da baƙuwa, kuma in ana maganar gaskiya, hakan na yi. Kar wanda ya karanta wannan ya ce Inna ta yi laifi. Abin da na gaya mata ta yi aiki da shi, don tsoron kada a cuci jikarta.

Madam ta ƙara shekara biyu a gidanmu kafin a yi mata canji. Duk lokacin da za ta yi darasin nan, tun da sassafe take zuwa da tasar ruwa, in zauna in zare mata tantani ɗaya bayan ɗaya, ta tafi da su tana tafiya a hankali kada ya zube. Wai tana gaya wa yara wata babbar malama ce ta shirya musu. Ta rubuto wasiƙa sau ɗaya, Yayarku ta karanta mana, daga nan shiru. Ban san ko tana raye ba. Har ta tafi tana ce mini kai.

Inna ta kwanta ciwon ajali bayan an riga an canza wa garin suna, ko da yake ita ba ta taɓa faɗin sabon ba. Ni na yi jinyarta. Haƙoranta sun ƙare, sai dai in goga mata goron a magogi in zuba mata a tafin hannu, kuma wanda aka goga ba shi da ɓari balle a raba. Wata rana da hantsi na jawo kujera ƙofar ɗakinta don in riƙa jin numfashinta, ina yanka albasar da zan sa mata a romo. Ina sauri, wuƙa tana ta ƙwas-ƙwas a kan faranti. Na ɗauka barci take yi.

“Asabe.”

“Na'am, Inna.”

“Yi a hankali mana. Kina ta rushe wa bayin Allah ɗakuna.”

Na ɗago. Idonta a rufe, amma bakinta ya ɗan motsa. Ashe duk shekarun nan Takwara tana kwance a gefenta tana ba ta labarin katanga da randa da maigida, tana saurare. Ba ta leƙa ba har ta rasu, kuma ɓarin goron bai dawo ba. Wannan maganar ita ce abin da na samu, kwana tara kafin a ɗauke ta.

To Sani, in an sake ba ka lasifika, ka faɗa duka, ka sa da Madam, ka sa da Inna. Ni dai har yau, duk gaggawar da nake yi, da na ɗora wuƙa a kan albasa sai in ji ta, sai in sassauta hannu.